Farin Ruwa: yadda na bi daji da duwatsu neman hoto a bayan Wamba

Ni sana'ata ɗaukar hoto ce, hoton biki da suna da walimar saukar karatu, a Mararaba ta kusa da Abuja nake zaune kuma nan nake neman abincina. Amma akwai wani ɓangare na aikin nan da ba kuɗi yake kawo min ba, ni nake kashe masa ma, wato hoton magangarar ruwa. Gurara na sha zuwa, wadda ke jihar Neja ta hanyar Suleja zuwa Minna, Assop ma haka duk sanda hanya ta bi da ni Hawan Kibo sai na tsaya, Matsirga ta kusa da Kafanchan ita ma na san ta. To amma duk waɗannan kusan a bakin hanya suke, ka ajiye mota ka ɗan taka sai ga ka a gaban ruwa. Farin Ruwa ba haka take ba, ita sai ka neme ta, kuma wallahi tun kafin in je zuciyata ta riga ni zuwa can saboda wani hoto da na gani wanda ruwan ya fito fari fat daga saman wani baƙin dutse, ba mutum ko ɗaya a ciki, na kasa gane girmansa, nace to sai na je na gani da idona.

Ga wanda bai san wurin ba, Farin Ruwa tana ƙaramar hukumar Wamba ne a jihar Nasarawa, dab da iyakar Bokkos ta jihar Filato, dama ai jiha ɗaya ce kafin a yanke Nasarawa a 1996. Ruwan daga saman tsaunukan Jos yake tahowa, ya zo bakin gaɓa inda tudun ya ƙare sai ya faɗo ƙasa gaba ɗaya, daga nan ya kama hanyar kudu ta ɓangaren Binuwai. Tsayin da aka saba faɗa shine mita 150, faɗi kuma wajen mita 50. Mutane na son su ce ta fi Biktoriya ta tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsayi, kuma gaskiya ne don waccan mita 108 ce, sai dai a faɗi gaskiya duka, faɗin Biktoriya ya haura mita 1,700, ba a haɗa su ta wajen yawan ruwa. Ni ban ga dalilin da zai sa sai mun jingina namu da na wasu ba kafin mu yarda yana da kyau. Mita 150 fa, ka tsaya ka yi tunanin bene mai hawa arba'in da wani abu, ruwa na zubowa daga samansa dare da rana.

Abu na farko da mai son hoto zai yi shawara a kai shine lokaci. In ka je tsakiyar damina, Agusta ko farkon Satumba, ruwa kam zaka gan shi har ya ba ka tsoro, amma hanya ce zata hana ka, rafuka sun cika, laka ta kama ko ina, kuma feshin da ke tashi ba zai bar ka ka matsa kusa da kyamara ba. In kuma ka bari sai hunturu ya kankama, Disamba zuwa Fabrairu, hanya ta bushe lafiya lau amma ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙone, ga hazo da zai sa duk hoton da ka ɗauka daga nesa ya fito fari-fari ba armashi. Shi yasa na zaɓi ƙarshen Oktoba, damina tana bankwana, ruwa yana nan da ƙarfinsa, ganye kore shar, sama kuma a wanke take. Kafin in tashi kuma sai da na kira wani abokin sana'a ɗan yankin na tambaye shi lafiyar hanya, wannan ba abin wasa bane a zamanin nan, duk wanda zai shiga daji ko ina ne ya fara tambayar mutanen wurin halin da ake ciki a satin, ba labarin bara ba.

Ni da ƙanina muka tafi, shi ne mai riƙe min fitila a wajen biki. Da yamma muka bar Mararaba, Masaka, Keffi, Garaku, muka shiga Akwanga wajen magariba muka nemi masauki muka kwana. Da gangan na yi haka, don masu tasowa daga Abuja da safe su je su dawo a yini ɗaya kullum tsakar rana suke isa gaban ruwan, kuma babu lokacin da ya fi wannan muni ga hoton farin ruwa a kan baƙin dutse. Kayan da na ɗauka ba su da yawa saboda na san a baya za a goya su: kyamara ɗaya, lens, wato gilashin gaban kyamara, mai faɗi da mai jawo nesa, ƙafa-uku ta ɗora kyamara, filta biyu da ake ɗaurawa a bakin lens don tace haske, batir na ƙari, tsummokin goge gilashi masu laushi da yawa na ƙulle su a leda daban-daban don kar su jiƙe lokaci ɗaya, sai babbar leda mai kauri da zan sa jakar gaba ɗaya a ciki. Takalmi kambas mai ƙasan roba mai kama dutse. Dan Allah kar wanda ya je wurin nan da silifas ko takalmin fata mai santsin ƙasa.

Muna idar da sallar asuba muka tsaya wajen mai shayi, burodi da ƙwai, muka sayi ayaba da gyaɗa da ruwan gora, muka kama hanyar Wamba gari bai gama wayewa ba. Hanyar nan tana da kyaun gani, gonakin doya da rogo da riɗi hagu da dama, can gaba kuma duwatsu sun fara tasowa shuɗi-shuɗi gajimare na kwance a kafaɗarsu. Wamba garin Rindre ne, sarkinsu Oriye Rindre ake ce masa, amma da Hausa zaka yi komai a kasuwa da tasha. Daga Wamba zuwa ruwan wajen kilomita 30 ne, sai dai kilomita 30 na wurin nan ba irin na kan kwalta bane. Ta Sisinbaki muka bi, muka samu inda muka ajiye mota a hannun mutane, muka yi ciniki da 'yan acaɓa biyu su kai mu su jira mu su dawo da mu. Wanda ya ɗauke ni saurayi ne, ya dubi jakata yace "Oga, abin da ke ciki yana tsoron ruwa?" nace sosai ma, yace to in mun zo rafi in sauka in ɗora ta a ka, shi zai tura mashin.

Haka kuwa aka yi. Hanya ce ta jar ƙasa da tsakuwa, wani wuri ruwan damina ya zaizaye ta ya bar kwari a tsakiya sai dai mashin ya bi ta gefe a kan ɗan siririn tudu, wani wuri dutse ne zalla, ka hau ka gangara, bayanka na amsawa. Inda muka tarar da rafi muka sauka, na naɗe wando, ruwan ya kawo min gwiwa kuma sanyinsa har cikin ƙashi, jaka a ka, ina taka duwatsun ƙasa a hankali ina jin yadda ruwa ke jan ƙafata. Mata muka gamu da su suna haurowa da kayan gona a ka, wata da goyo, suna tafe suna hira ko kallon ƙasa ba sa yi, muka gaisa suka ce sannunku da zuwa, Farin Ruwa za ku? Abin da ya tsaya min a rai a nan shine wannan hanyar da ni na ɗauke ta abin ba da labari su ita ce hanyar asibitinsu da kasuwarsu da makarantar 'ya'yansu, in mace ta tashi haihuwa da dare a watan Agusta nan za a bi da ita.

Tun muna kan mashin, a wani lanƙwasa da bishiyoyi suka buɗe, na hango ta. Wani farin layi ne a jikin tsauni can nesa, ba motsi, da ba ka sani ba sai ka ce farin dutse ne ko hayaƙi. Na taɓa kafaɗar yaron nace tsaya tsaya. Na ciro lens mai jawo nesa na ɗauki wasu daga nan, da gonar dawa a gaba da rufin wata bukka, kuma har yanzu suna cikin waɗanda na fi so, don su ne suka nuna ruwan a cikin ƙasarsa, ba a yanke shi daga mutanen da ke zaune ƙarƙashinsa ba.

A ƙauyen ƙarshe, wajen Massenge, mashin ya tsaya. Mutanen nan yawanci Kulere ne, 'yan uwan na can saman dutse ta Bokkos. Muka fara zuwa gaisuwa wajen manya kamar yadda ya kamata, muka faɗi abin da ya kawo mu, aka haɗa mu da wani dattijo manomi da zai raka mu, siriri ne mai furfura, da adda a hannu da ɗan buhu a kafaɗa. Nace "Baba ina kwana, mun same ku lafiya?" yace "Lafiya lau ɗana, sannunku da hanya. Wanka kuka zo ko kallo?" Nace hoto ne Baba. Ya dubi sama ta wajen tsaunin ya ɗan jima, sannan yace to mu yi sauri, yau da safe lafiya, amma shi bai yarda da yamma ba. Ni a lokacin ko ɗigon hadari ban gani ba. Da ɗan gari akan ci gari, ban yi musu ba muka bi bayansa.

Tafiyar ƙafar ta fara ne ta cikin gonaki, sai ciyawa mai tsayi da ta fi mu, jiƙe da raɓa, kafin mu yi nisa riga ta manne a jiki. Daga nan muka shiga kurmi, nan take zafi ya ɗauke, haske ya ragu, manyan bishiyoyi da igiyoyin daji sun sarƙe, ga gora ga kwakwar manja jefi-jefi, ƙasa kuma ruɓaɓɓen ganye ne mai laushi da ke ɓoye duwatsu. Baba na gaba yana sare reshen da ya tare hanya, bai cika magana ba sai dai ya nuna da bakin adda, nan ka taka, nan kar ka taka. Wani wuri ya tsaya cak ya nuna mana layin kwarkwasa da ya ratsa hanya baƙi ƙirin, yace ku tsallake da sauri kar ku tsaya kallo. Hawa ake yi a hankali amma ba ya ƙarewa, ga jaka ga ƙafa-uku da ke kama kowane reshe, numfashina har ina jin sa a kunne. Ƙarar ruwan kuwa tun daga nesa take zuwa, da farko can ƙasa-ƙasa har ka ɗauka iska ce a cikin ganye, tana ƙaruwa tana ƙaruwa har ya zamana in zan yi wa ƙanina magana sai na ɗaga murya.

Bari in ɗan ratse a nan saboda abin yana da amfani. A bakin irin wannan ruwa mai gudu akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo, a ruwa mai sauri suke hayayyafa, su ne ke yaɗa makantar rafi, cutar da ta daɗe tana makanta mutane a ƙauyukan Filato da Nasarawa. Shekara da shekaru ana rabon maganin Mectizan gida-gida tare da taimakon Cibiyar Carter, har aka kai ga sanar da cewa an katse yaɗuwar cutar a jihohin biyu aka dakatar da rabon a 2018. Da na tambayi Baba yace ƙwarai ya tuna lokacin da ake auna tsayin mutum da sanda kafin a ba shi ƙwayar. Ƙudan dai yana nan yana cizo, shi yasa doguwar riga da dogon wando suka fi, ko da kana jin zafi.

Ƙarshen hanyar manyan duwatsu ne da suka gangaro tun fil azal suka taru a gindin tsaunin, wasu sun kai ɗaki girma, duk gansakuka ta rufe su, santsi kamar me. Nan da hannu da ƙafa ake tafiya, na miƙa wa ƙanina jaka in hau in karɓa, shi ma ya hau. Muka zagaya wani ƙaton dutse, iska mai sanyi ta doke mu a fuska da yayyafi a cikinta, na ɗaga kai.

Subhanallah. Na ɗaga kai na ƙara ɗagawa har wuyana ya ƙage ban ga ƙarshen abin ba sai can inda sama ta fara. Ruwan ba faɗowa ɗaya yake yi ba, yana zubowa ya daki jikin dutse ya tarwatse ya sake haɗuwa ya sake dukan wani, shi yasa kafin ya iso ƙasa ya zama fari gaba ɗaya, wani ma ba ya isowa, iska ke kwashe shi ta watsa a kan bishiyoyi. Ƙasa tana ɗan rawa a tafin ƙafarka. Na daɗe a tsaye ban buɗe jaka ba, kuma ina ba duk mai ɗaukar hoto shawara ya yi haka, ka ba idonka lokaci ya ga yadda ruwan ke tafiya, ina yake kauri ina yake sirancewa, ta ina iska ke kaɗa feshin, don feshin nan ba tsaye yake ba, zuwa yake yana komawa.

To nan aikin ya fara, kuma nan ne wahalar da ba a gani a hoto. Matsala ta farko haske. Ruwa fari ne tas, dutse baƙi ne, kurmi kuma duhu, kyamara ba ta iya ɗaukar duka ukun yadda ido ke gani. In ka bar ta ta yi wa kanta hukunci sai ta haska duhun, ruwan ya ƙone ya zama farin fili ba zane ba komai, kuma abin da ya ƙone a hoto ya tafi kenan, ba kwamfutar da zata dawo da shi. Don haka da ruwan nake auna haske, in rage har sai na ga zaren ruwan ya fito, duhun in ya so in ɗago shi daga baya. Mai waya ma zai iya, ka danna yatsa a kan farin ruwan ka riƙe har ya kulle, sannan ka ja hasken ƙasa. Sa'ar da muka yi ita ce mun iso kwarin yana cikin inuwa rana ba ta faɗo ciki ba tukuna, haske mai laushi ko ina daidai, wannan shine ribar kwanan Akwanga.

Matsala ta biyu saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido haske ya shiga. Yanzu abin da ake yayi shine a bar shota a buɗe daƙiƙa biyu ko biyar ko fiye, ruwa ya fito sumul kamar an kwarara kindirmo a jikin dutse. Na gwada, na kafa ƙafa-uku na sa filta mai duhun nan da ke rage haske, ma'aunin jin haske wato ISO a kan 100, ƙofar haske f/11, ya fito da kyau ba laifi, amma ni a ganina wannan salon ya cuci Farin Ruwa. Ya dace da ƙaramin rafi mai gangarowa a hankali, amma ruwan da ke faɗowa daga mita 150 ƙarfi ne da shi, in ka lallashe shi ya zama sumul ka cire masa abin da ya sa shi ya zama shi. Na koma ɗaya gefen, shota mai sauri, 1/1000 na daƙiƙa, ruwan ya daskare kowane ɗigo a tsaye, shi ma bai yi min ba, ya zama ba rai. Inda na samu abin da nake nema tsakanin 1/8 ne da 1/15 na daƙiƙa, a nan ruwa yana da motsi amma zarensa bai ɓace ba, kana kallo kana jin nauyinsa. Ɗayar filtar kuma, mai kashe ƙyalli wadda ake murzawa, ita ce ta fi min amfani a ranar, don jiƙaƙƙen dutse da jiƙaƙƙen ganye ƙyalli suke yi, kana murza ta sai ka ga baƙin dutse ya koma baƙi sosai kore ya koma kore.

Matsala ta uku kuma wadda ta fi ci min rai ita ce feshi. Ka goge gilashi, kafin ka kai hannu ga maɓalli ya sake jiƙewa. Dabarar da ta yi aiki ita ce in saita komai da leda a rufe da kyamara, in juya wa ruwan baya in goge, ƙanina ya riƙe hular kansa a gaban lens, mu jira iska ta kwashe feshin ta yi wancan gefen, in ce yanzu, ya janye, in ɗauki biyu ko uku, ya mayar. Haka muka yi ta yi har hannuna ya fara rawa don sanyi. Kuma kar ka kuskura ka canza lens a wurin, in ɗigo ya shiga cikin kyamara ka jawo wa kanka aiki, ka koma bayan dutse inda iska ba ta kaiwa.

Duk wannan ina yi Baba na zaune a kan wani dutse yana kallonmu. Can ya taso yace "Ɗana, duk masu zuwa nan suke tsayawa. Zo in nuna maka." Ya bi da mu ta gefe, muka hau wani tudu ta cikin saiwoyi, hawa mai wuya sosai har sai da muka riƙa kama saiwa muna jan jiki, muka fito kan wani faffaɗan dutse da ke kallon ruwan ta kaikaice. Daga nan feshi ba ya isowa, kuma kana ganin ruwan tun daga bakin gaɓa har inda ya faɗa har rafin da ya fita ya shige kurmi. Yace nan suke zama in sun zo farauta da rani. Wallahi da na shekara ina zagaye wurin da kaina ba lallai in gano dutsen nan ba, kuma babu taswirar waya da zata nuna maka shi, dama ko netwok babu.

A nan na warware abin da ya dame ni tun hoton farko da na gani, wato girma. Ruwa da dutse kaɗai ba sa faɗa wa ido komai, mita 15 da mita 150 duk ɗaya suke a fuskar waya. Sai da mutum. Na roƙi Baba ko zai yarda ya koma ƙasa ya tsaya a kan dutsen da ya zauna ɗazu, inda ba haɗari, in ɗauke shi, yace ba komai. Da ya tsaya, da jar hularsa da addarsa, ya zama ɗan ɗigo a ƙasan hoton, sai ruwan ya tashi ya zama abin da yake. Na nuna masa a bayan kyamara da ya dawo, ya daɗe yana dubawa yace "Ashe haka nake a wajensa."

Rana ta faɗo cikin kwarin, hoton ruwan kai tsaye ya ƙare don haske ya yi tsanani, amma da ta ɗan karkata ta koma bayanmu sai bakan gizo ya fito a cikin feshin, yana bayyana yana ɓacewa yadda iska ta ga dama. Dama ba ya fitowa sai rana na bayanka kana fuskantar feshi, kuma a nan sai ka yi hankali da filtar kashe ƙyalli, in ka murza ta wani gefen gaba ɗaya take share shi. Muka yi alwala da ruwan rafin, muka haɗa azahar da la'asar a kan dutse, muka ci ayaba da gyaɗa tare da Baba.

Shi ne ya katse mu. Yace mu tattara. Na duba sama ta inda muke garau, amma can bisa tsaunin gajimare ya fara yin duhu. Yace abin da baƙi ba su sani ba kenan, ruwan da zai cinye ka a nan ba a kanka yake sauka ba, can Filato ake yin sa, kai kana cikin rana kana wanka sai dai ka ga rafi ya taso. Alamarsa uku yace, farin ya fara komawa ja-ja, ganye da ƙirare su fara gangarowa, ƙarar kuma ta canza ta yi kauri. In ka ga ɗaya daga ciki kar ka tsaya ɗaukar takalmi. Kuma ko ba komai akwai rafukan da muka tsallako da safe, in suka cika sai dai mu kwana a ƙauye. Wannan ilimin ba ya cikin kyamara ko wace iri ce, kuma shi yasa raina ke ɓaci in na ji mutum ya kashe kuɗin mota da na masauki amma yana jayayya da ɗan rakiya a kan ɗan abin da zai ba shi.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba kuma ba zan ɓoye ba. Ledar fiya wata da robar lemo da takardar biskit a maƙale tsakanin duwatsu, a wurin da sai ka sha wannan wahalar kafin ka iso, wato mutum ya iya ɗauko ta cike amma ya kasa mayar da ita ba komai a ciki. Mun tsince abin da muka iya muka zuba a babbar ledata. A hanya kuma mun ga ɗakunan saukar baƙi da aka taɓa ginawa aka bari ciyawa ta cinye su. An daɗe kuma ana maganar dam na wutar lantarki a kan ruwan nan, kuma ba mafarki bane, ai can saman tsaunin kamfanin NESCO da aka kafa tun 1929 da ruwan Kurra yake ba da wuta. Ni dai abin da na fi so in gani kafin komai shine hanya da gadoji, ba don mu masu kyamara ba, don matan nan da muka gamu da su a rafi. In hanya ta samu baƙi za su zo da kansu, kuma ina fata in sun zo samarin ƙauyukan nan ne za su riƙe rakiya da abinci da masauki, ba wasu daga nesa ba.

Saukowa ta fi hawa wuya, gwiwa na rawa, duwatsun da muka hau da safe yanzu sai da zama muke gangara su. Mun sallami Baba a ƙauye da godiya da abin da ya sawwaƙa, yace mu gaida gida, in za mu dawo mu zo da rani ya kai mu wani wurin da ba a shiga yanzu. 'Yan acaɓa suna nan suna jira, suna ganinmu suka ta da mashin ba ɓata lokaci don su ma sun ga saman tsaunin. Rafin da ya kawo min gwiwa da safe ya ɗan ƙaru kuma launinsa ya fara sauyawa, muka haye da sauri, muna isa inda muka bar mota yayyafi ya fara, kafin Wamba ruwa ya tsuge sosai har sai da muka rage gudu.

Da na dawo gida na zuba hotunan a kwamfuta, fiye da rabi ɗigon ruwa ya ɓata su, wasu iska ta girgiza ƙafa-uku sun yi dishi-dishi, dama haka aikin yake. Waɗanda suka tsira sun ishe ni. Na kan faffaɗan dutsen nan mai Baba a ƙasa shi na kai aka wanke min babba na rataye a shago, kuma na sa an wanke ƙarami guda biyu an yi musu laminatin saboda damshi, na ba wani direban Wamba ya kai wa ɗan acaɓan da ya ɗauke ni, ɗaya nasa ɗaya ya miƙa wa Baba. Ɗan acaɓan ya kira ni ranar kasuwa da ya shigo inda akwai netwok yace saƙo ya isa, Baba yace a tuna min maganar rani, wajen Maris kafin ruwan farko.